Karatun hatimi da awon sikeli: yadda ake gane tsohuwar azurfa a kasuwannin Kumasi

Duk wanda ya saba zagayawa wajen masu kayan hom-yus, wato tsofaffin kayan da ake shigowa da su daga waje, a Kejetia ko Alabar ya san buhun nan da ake zazzagewa a kan leda: cokula, wuƙaƙen tebur, cokula masu yatsu, murafen butoci, duk a cakuɗe, ana sayarwa ɗai-ɗai ko a tsibi. Mafi yawansu ƙarfen zamani ne wanda ba ya tsatsa. Wasu kaɗan farin ƙarfe ne da aka yi wa ruwan azurfa. Jefi-jefi kuma akan sami cokali guda, baƙi ƙirin, wanda kowa ya tsallake saboda muninsa, alhali shi ne na azurfa, domin azurfa ce take yin baƙi idan ta daɗe ba a goge ta ba. Sai a kiyaye da kalmar "silba" ma. A bakin mutanen nan, silba tukunyar alminiyam ce, don haka idan mai kaya ya rantse maka cewa silba ce, bai yi ƙarya ba, kuma bai ce azurfa ba.

Ta hanyoyi uku irin waɗannan kaya suka shigo ƙasar nan ta Ghana. Akwai na Turawan mulki da manajojin kamfanonin ciniki, waɗanda suka bar wa kukunsu ko suka yi gwanjonsu za su koma gida. Akwai waɗanda manyan gidaje suka saya sababbi a kantuna irin su Kingsway, suka zama gado. Sai kuma na yanzu, masu zuwa a kwantena daga gidajen da aka kwashe a Turai. Saboda tarihin ƙasar, na Ingila ne suka fi yawa, kuma an yi sa'a domin su ne suka fi sauƙin karantawa.

Azurfa zalla tana da laushi, ba ta jure aiki, shi ya sa ake haɗa ta da jan ƙarfe. Ma'aunin Ingila shi ne kashi 925 cikin 1000 azurfa, 75 jan ƙarfe. Maƙeri ba shi da ikon shaidar kansa. Dole ya kai kayan ofishin gwaji, a kankari kaɗan a gwada, sannan a buga hatimai a jere. A cokali ana samunsu a bayan mariƙi, a buta ko kofi a gindi ko kusa da baki, a tire kuwa a bayansa ko a gefe. Ƙanana ne ƙwarai, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba, saboda haka gilashin ƙara girma mai ninki 10 shi ne kayan aiki na farko. Kyamarar waya ma tana yi idan aka haska fitila daga gefe.

Abin da za ka fara nema shi ne zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Tun 1544 ake buga shi, kuma ma'anarsa 925. Kusa da shi akwai alamar garin da aka yi gwajin. Kan damisa na Landan ne. Ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham ce, kambin sarauta kuma na Sheffield, dukansu biyu an buɗe ofisoshinsu a 1773, sai dai Sheffield ta sauya zuwa fure a 1975. Ganuwa mai hasumiya uku ta Edinburgh ce, dammunan alkama uku da takobi na Chester ne, wadda aka rufe ofishinta a 1962. Sannan ga haruffa biyu ko uku na sunan maƙerin ko kamfaninsa, ga kuma harafi ɗaya tilo a cikin garkuwarsa, shi ne na shekara.

A harafin shekara ne sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. Kafin 1975 kowane gari da nasa lissafin. Ƙaramin "a" a Landan yana iya zama 1896, amma irinsa a Birmingham 1900 ne. A wancan lokacin Landan tana juya haruffa 20 ne ta sake farawa, tana sauya salon rubutun da siffar garkuwar da ke kewaye da shi, don haka harafi ɗaya yana dawowa sau da yawa a ƙarni guda. Wanda ya duba harafi bai duba gari da siffar garkuwa ba zai iya kuskure da shekara arba'in ko tamanin. Jadawalin yana nan a intanet kyauta, a sauke shi a waya.

Akwai gajeriyar hanya kafin a kai ga jadawali. Daga 1784 zuwa 1890 ana ƙara hatimi na biyar, kan sarki ko sarauniya, shaidar an biya haraji. Kan damisar Landan kuma yana sanye da kambi har 1821, daga nan aka cire masa. To, damisa mai kambi ba kan sarki, kayan ya girmi 1784. Damisa mai kambi da kan sarki, tsakanin 1784 da 1821. Damisa ba kambi da kan mace, zamanin Sarauniya Victoria ne kafin 1890. Babu kambi babu kai, bayan 1890 ne, kuma a nan mafi yawan abin da ake tsinta a Kumasi yake faɗawa. Akan ga kan sarauta a kayan 1935 da 1953 da 1977, amma waɗannan na bikin tunawa ne, harafin shekara zai warware. A tsofaffin cokula na kafin wajajen 1781 hatiman suna ƙasa kusa da bakin cokali, a matse har sun lanƙwashe, daga baya aka mayar da su sama inda mariƙin ya yi faɗi.

Kama da wane ba wane ba ne. A 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, kuma tun daga nan aka cika duniya da kayan da fatarsu kawai ce azurfa. Masu yin su sun san mai saye yana neman hatimai a jere, sai suka riƙa buga ƙananan garkuwoyi huɗu ko biyar da haruffa masu ƙawa, wani lokaci har da kambi, wanda daga nesa sai ka rantse na ofishin gwaji ne. Ka karanta haruffan a hankali. EPNS na nufin farin ƙarfe mai ruwan azurfa, EPBM na nufin ruwan azurfa a kan haɗin kuza mai laushi, EP ko A1 ma duk ruwa ne, A1 ɗin kirari ne kawai na cewa ruwan ya yi kauri. Sunan babban kamfani ba hujja ba ne, domin Elkington da Mappin & Webb da Walker & Hall duk sun yi na azurfa sun yi na ruwa. In babu zaki, a ajiye zancen 925 a tsofaffin kayan Ingila. Na Edinburgh da Dublin suna da tasu alamar, amma ba su cika zuwa nan ba.

Rubutun "Nickel Silver" ko "German Silver" ko "Alpacca" ya fi yaudara, domin waɗannan babu ko ɗigon azurfa a cikinsu, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Haka lambar 90 ko 100 a bayan cokalin Jamus ko Holan. Mutane suna ɗaukarta kashi 90 cikin ɗari, alhali tana faɗin giram nawa na azurfa aka kashe wajen yi wa cokula dozin biyu ruwa. Azurfar Jamus ta gaske tana da jinjirin wata da kambi da lamba 800 ko 835 ko 925, tsarin da ya fara aiki a 1888. Ta Faransa, wadda kan shigo ta Lome da Abidjan, tana da kan mace mai hular yaƙi tun 1838, da ƙaramar lamba 1 ko 2 a gefensa: 1 a tsofaffin kaya 950 ce, 2 kuwa 800. Ta Rasha tana da 84, wato 875. Ta Amurka rubutu kawai suke yi, STERLING.

Ido ma yana kama na ruwa. Duba inda kayan ya fi gogayya: bayan cokali inda yake taɓa tebur, bakin yatsun cokali, mariƙin buta. In ruwan ya cinye za ka ga tabo mai ɗan rawaya ko toka-toka, gefensa a fili kamar taswira. In ja ya ɓullo, jan ƙarfe ne a ƙasa, kuma a nan sai a dakata, domin akwai wani tsohon nau'i da Thomas Boulsover ya ƙago a Sheffield wajajen 1743, inda ake manne fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta kafin a ƙera kayan. Ana gane shi da bakinsa da aka naɗe, har farce yana kama gefen fallen. Maƙeri ba zai ba shi daraja ba, amma masu tara kayan tarihi suna nemansa, kuma sake yi masa ruwa yana kashe kuɗinsa.

Hatimi ana iya ƙirƙirarsa, musamman "925" tsurarta, wadda kowa zai iya sayen ƙarfen bugata. Saboda haka bayan karatu sai awo. Maganaɗisu yana fitar da baƙin ƙarfe kawai. Tagulla da jan ƙarfe da mafi yawan farin ƙarfe ba sa kama shi, don haka rashin kamawa bai tabbatar da komai ba. Gwajin da ya fi amfani kuma ba ya ɓata kaya shi ne na ruwa. Ana buƙatar ƙaramin sikelin lantarki irin na masu sayen zinariya, mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da dogon kofin roba, da zare. A auna cokalin a rubuta. A ɗora kofin da ruwa a kan sikeli a mayar da shi sifili. A ɗaure cokalin da zare a nutsar da shi gaba ɗaya, yana reto, bai taɓa gindi ko gefe ba, a rubuta abin da sikelin ya nuna. Sai a raba na farko da na biyu. Cokali mai giram 62 da ya nuna 6.0 a ruwa ya ba da 10.3, wato azurfar 925. In ya nuna 7.1, amsar 8.7 ce, farin ƙarfe ne. Zallar azurfa 10.49 take bayarwa, ta 800 wajajen 10.1, jan ƙarfe 8.9, tagulla 8.5, ƙarfe mara tsatsa ƙasa da 8. Abin da ke ɓata lissafin shi ne kumfar iska da ta maƙale a jikin kayan, da barin zaren ya saki har kayan ya zauna a gindi. Kuma gwajin ba ya aiki a kan abu mai rami a ciki ko wanda aka cika da wani abu.

Wannan ya kawo mu ga wuƙaƙe da sandunan kyandir. Mariƙin wuƙar tebur, ko da zaki a jikinsa, ɓawo ne siriri da aka cika da ƙaro ko siminti, ruwan wuƙar kuma ƙarfe ne. Sandar kyandir mai nauyin rabin kilo tana iya zama azurfarta ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda ya saye su a kan nauyi ya sayi ƙaro da kuɗin azurfa.

Asid shi ne na ƙarshe, kuma a ganinmu bai kamata ya taɓa kayan da hatiminsa ya karantu ba. Maƙeran fari da masu sayen zinariya a Adum suna da shi. Akan goga kayan a baƙin dutse a ɗiga asid a kan zanen, ko a ɗan ci wani lungu da magagari a ɗiga a ramin. Irin asid ɗin da aka haɗa don azurfa yana komawa ja idan ta ƙwarai ce, in kuwa tagulla ce ko farin ƙarfe sai ya yi kore ko shuɗi. Ɗigawa a fata ba tare da an ci ba banza ce, domin na ruwa ma zai nuna ja. Na'urar haske da manyan masu gwaji suke amfani da ita ma fata take karantawa. Matsalar ita ce tabon magagari ba ya gogewa, kuma an sha lalata cokali mai shekara ɗari biyu da rami a tsakiyar bayansa. In ya zama dole, a ce wa maƙerin, "Baba, a taɓa ta ciki, inda ido ba ya kaiwa," kuma a tsaya a kansa har ya gama.

Kayanmu na gida ba su da hatimi, kuma su ne suka fi cancantar a tara. Mundaye, zobba, gidajen laya, sarƙoƙi da tandun kwalli da ke cikin akwatunan tsofaffin Hajiyoyi a Aboabo da Asawase, yawancinsu da kuɗin azurfa aka ƙera su. Babban tushen shi ne liyari, mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya: nauyinsa giram 28, azurfarsa 833 cikin 1000. Kowane liyari 1780 ne a jikinsa, domin a shekarar ta rasu aka daskarar da kwanan, aka ci gaba da buga shi a Vienna da Landan da Paris da Bombay da wasu garuruwan, har yau ma ana bugawa. Kada dillali ya tsorata ka da shekarar. Na gaske yana da rubutu a kaurin gefensa, na jabu da aka zuba a ƙasa kuwa yana da layin haɗi a gefe, fuskarsa da ƙananan ramuka, ƙararsa a daƙushe idan aka jefa shi a siminti.

Tushe na biyu kuɗin Turawan mulki ne na Afirka ta Yamma, masu hoton kwakwar manja a sule da fataka. Daga 1913 zuwa 1919 taro da sisi da sule da fataka azurfar 925 ne, sule giram 5.6, fataka 11.3. A 1920 aka rage zuwa rabi, a cikin shekarar kuma aka koma tagulla. Kuɗin Ingila kansu 925 ne har 1919, rabi daga 1920 zuwa 1946, daga 1947 babu azurfa sam. To, munduwar da aka zuba daga irin wannan gauraye, maƙeri kuma ya ƙara jan ƙarfe don auki, tana iya faɗawa ko'ina daga 500 zuwa 900, sai gwajin ruwa ya faɗa. Shekarunta kuwa jiki ke nunawa. Ramin da igiya ta ratsa shekara da shekaru yakan ci ya zama dogo ta gefe ɗaya, zanen da ke taɓa fata yakan shafe ya bar na lungu da kaifinsa. Sabon aiki da aka shafa wa baƙin man takalmi don ya tsufa, baƙinsa iri ɗaya ne ko'ina kuma yana fita a tsumma mai kananzir. Wannan ya shafi ƙirar Agadas da ake sayarwa a kasuwar kayan gargajiya ta Accra, inda sabo da tsoho, azurfa da farin ƙarfe, suke kwance a tire ɗaya.

Kuɗin kaya hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne nauyi: cokali mai giram 60 na 925 yana da zallar azurfa giram 55.5, a raba da 31.1 a sami oza 1.78, a ninka da farashin ranar na kasuwar duniya, a juya zuwa sidi. Mai narkawa zai biya ƙasa da haka. Hawa na sama shi ne shekaru, da sunan maƙeri, da lafiyar kayan, da cikar saiti. Cokula shida masu harafin shekara ɗaya da maƙeri ɗaya sun fi guda shida 'yan tsince-tsince nesa ba kusa ba. Babbar asarar da ake yi a Zango ita ce a kai irin wannan saitin maƙera a narka a yi zobba, a sayar da hawa na sama a kuɗin na ƙasa.

Lahanin da ke rage kuɗi yana da wuraren ɓuya. Bakin cokali yakan ci ta gefen hagu saboda kankarar kwano da hannun dama, wasu su gyara shi da magagari har ya gajarce ya yi kaifi. Yatsun cokali akan daidaita su bayan sun ci, sai su fi na 'yan'uwansu gajarta. Inda aka goge sunan mai kayan na farko wurin yakan yi siriri, in ka danna da babban yatsa a jikin buta za ka ji yana lotsawa. Ka huci kayan da numfashi, layin liƙi zai fito da wani launi daban. Mafi muni shi ne liƙin dalma irin na masu gyaran rediyo, toka-toka mai kauri, domin duk ranar da aka sake sa wa wurin wuta dalmar za ta ci azurfar ta huda ta. In kuma ka ga hatimai a wani wuri da ba a saba ba, da layin liƙi kewaye da su, an yanko su ne daga ƙaramin abu aka dasa a babba.

Wajen wanki ne mata da yara suke gamawa da kaya cikin kyakkyawar niyya. Toka da yashi, soson ƙarfe, man goge baki, duk suna kankare fata, su shafe hatimi. Baƙin azurfa daga farar wuta yake zuwa, wadda ke cikin iska da hayaƙin mota da ƙwai da albasa da roba. Kyauron roba da aka ɗaure cokula da shi yakan bar baƙin zobe mai wuyar fita. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumman auduga sun isa farawa, sannan man goge azurfa kaɗan, ana rufe hatimin da yatsa. In baƙin ya yi yawa, a shimfiɗa takardar alminiyam a roba, a zuba lita ɗaya ta ruwan zafi da babban cokali ɗaya na bakin soda, farar hodar nan ta yin kek, a sa kayan ya taɓa takardar na minti biyu ko uku, a ɗauraye a shanya da tsumma nan take. Wannan dabara tana cire har baƙin cikin zane wanda shi ke fito da ado, don haka ba a yi wa mundaye da gidajen laya, ba a kuma yi wa wuƙaƙe, domin zafi yana narkar da ƙaron mariƙi. Tsofaffin kuɗi kam ba a goge su ko kaɗan. Gishiri yana huda azurfa da ɗige-ɗige baƙaƙe da ba sa fita, shi ya sa na Accra, kusa da teku, suka fi shan wahala. Danshin daminar Kumasi ma ba ya raga mata. A naɗe kowane abu daban a tsohon farin ƙyalle, a sa a leda mai zif da ɗan ƙullin nan mai shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ban da jarida.

Musulmi mai wannan harka yana da tambayoyin da zai kai wa malaminsa. Hadisi ya hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa, kuma mafi yawan malamai, har da na Malikiyya, sun haɗa da ajiye irin waɗannan kwanukan, wasu kuwa sun sauƙaƙa a kan ajiya. Kayan adon mata da zoben namiji da tsofaffin kuɗi ba su shiga wannan ba. Cinikin azurfa hannu da hannu ne, ba a ɗauka bashi. Nisabin zakkarta dirhami 200 ne, kimanin giram 595, kuma ana kaiwa da wuri: manyan cokula goma sha biyu masu giram 60 sun ba da zallar azurfa giram 666, an wuce nisabi ke nan, za a fitar da ɗaya bisa arba'in in shekara ta zagayo.

Ta fuskar hukuma, kayan sarauta wani sha'ani ne daban. A ƙasar Asante azurfa tana da matsayi, kujerar sarkin Mampong ma ta azurfa ake kiranta, ita ce ta biyu bayan ta zinariya, kuma cikin kaya 32 da gidajen tarihi biyu na Landan suka ba da aro ga Manhyia, fadar sarkin Asante a Kumasi, a 2024 akwai na azurfa. Duk abin da ya yi kama da na fada, aka kawo maka shi a ɓoye da araha, ka bar shi inda ka gan shi. Fitar da kayan tarihin ƙasar waje yana buƙatar takardar izini daga hukumar gidajen tarihi ta Ghana, wadda ke Accra, bisa dokar 1969. Sannan a duba mariƙin tsofaffin butocin shayi na Ingila: ƙananan farare biyu da aka sa tsakanin mariƙi da jiki don tare zafi sau da yawa hauren giwa ne, kuma su kaɗai sun isa a riƙe butar a filin jirgi.